Kundin aiki: lissafin ruwan Gurara da Usuma zuwa 2050

14 ga Janairu, 2025

An buɗe wannan kundi ne domin duk wanda ya shigo aikin daga baya ya ga inda aka taka da inda aka zame. Tambayar da muke bi guda ce: ruwan da ke shiga madatsar Gurara da ta Usuma zai ishi Abuja har zuwa 2050, alhali jama'a na ƙaruwa, noman rani na faɗaɗa, yanayi kuma na sauyawa?

Ga yadda tsarin yake a ƙasa. Madatsar Usuma tana Ushafa, cikin ƙaramar hukumar Bwari, tun shekarun 1980, tana riƙe kusan kubik mita miliyan 100. Ta Gurara tana jihar Kaduna, tana riƙe miliyan 880. Bututu mai faɗin mita 3, tsawonsa kusan kilomita 75, shi ke haɗa su. Matatar ruwan da ke gindin Usuma an gina ta ne ta tace lita miliyan 30 a awa guda, wato kubik mita 720,000 a rana, kusan miliyan 263 a shekara. Ke nan ko an cika Usuma maƙil, idan matatar na aiki da cikakken ƙarfinta kuma babu ɗigon da ke shigowa, ba za a kai wata biyar ba ta ƙafe. Mai buɗe famfo a Garki ko Gwarimpa, ruwan saman da yake dogaro da shi a Kudancin Kaduna yake sauka.

Manhaja biyu za mu haɗa. SWAT+ ce za ta mayar da ruwan sama zuwa ruwan kogi, rana-rana. WEAP kuma ita ce mai rabo: nawa zuwa birni, nawa zuwa gona, nawa ta injin lantarki, nawa a bar wa kogi. WEAP na da nata hanyar lissafa kwararar ruwa, amma muna son ganin tasirin gine-gine da sare daji gida-gida a kan taswira, wato a ƙananan murabba'an da aka yanka ta, nan kuma SWAT+ ta fi ta.

28 ga Janairu

An shata iyakar kwarin a manhajar taswira ta QGIS da taswirar tudu da kwari ta SRTM, wadda aka auna daga sararin samaniya, mai gida-gida na mita 30. Duk wani fayil sai an mayar da shi kan ma'auni ɗaya kafin a taɓa shi, wato tsarin nuna wuri a taswira na UTM shiyya ta 32 ta Arewa, a kan ma'aunin duniya na WGS84. Tsoffin taswirorin safiyo na Najeriya a kan ma'aunin Minna aka zana su. Idan aka ɗora su haka nan ba a juya ba, kogi kan goce da gida biyu ko uku, sai a ga tashar awo zaune a kan tudu. Haka ta faru a zagayen farko: manhajar ta liƙa wata tasha a kan ɗan rafin da ke gefe maimakon uwar kogin, faɗin ƙasar da ke zuba mata ruwa ya fito ɗan mitsitsi. Maganin shi ne a ja kowace tasha da hannu a ɗora ta kan layin kogin, a kuma gwada faɗin da ya fito da wanda ke rubuce a takardar tashar.

Akwai wata sa'a da aka taka. A watan Fabrairun 2000 aka ɗauki awon SRTM, kafin a datse Gurara. Saboda haka ƙasan tafkin, wanda yau ruwa ya rufe, yana nan a taswirar da tudunsa da kwarinsa. An yanka shi mita-mita, aka lissafa faɗi da yawan ruwa a kowane tsayi, aka samu jadawalin da WEAP ke nema. Jimillar ba ta yi nisa da miliyan 880 ɗin da aka sani ba, wannan ya kwantar mana da hankali kan taswirar. Dabarar ba ta yi aiki a Usuma ba, don lokacin da aka ɗauki awon ta daɗe da cika, saman ruwa kawai ake gani shimfiɗe kamar faifai.

17 ga Fabrairu

Makonni uku sun tafi a kan ruwan sama kaɗai, kuma sun cancanta.

Tashoshin awo na ƙasa ba su da yawa a saman kwarin, don haka ginshiƙinmu shi ne CHIRPS, wanda ke haɗa hoton tauraron ɗan'adam da awon tashoshi, gidansa kusan kilomita 5, ya kuma faro daga 1981. Ya kama farin 1983 da 1984, bai kama na 1972 da 1973 ba. Don cike wannan giɓi an kwafe tsoffin takardun wasu tashoshi da hannu, nan ne kuma kurakurai uku suka ɓullo, dukkansu namu. Na farko, wasu shafuka a inci aka rubuta su, aka shigar da su a matsayin milimita, shekara guda ta fito kamar a Agadas ake. Ninkawa da 25.4 ya gyara. Na biyu, ranar da ba a yi awo ba an bar gurbinta fayau, manhajar lissafi ta karanta shi sifili, alhali SWAT+ lambar -99 take so a wurin don ta gane cewa babu awo. Sifili na nufin ba a yi ruwa ba, gurbi na nufin ba a sani ba, haɗa su kan haifar da farin da ba a taɓa yi ba. Na uku, da safe ake karanta ma'aunin ruwan sama, abin da aka tarar a ciki na jiya ne. Wasu masu awon kan rubuta shi a ranar da ya sauka, wasu a ranar da suka karanta. Sai da aka matsar da jerin gaba da baya da kwana ɗaya aka ga wanda ya fi dacewa, tasha-tasha.

A jimillar wata, CHIRPS da tashoshi suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. A rana-rana ne gizo ke saƙa. CHIRPS kan shafe ruwa kamar mai a kan burodi: kwanakin ruwa su yi yawa, mamakon ya ragu. Ga dalilin da ya sa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hanyar da SWAT+ ke bi tana ba kowace irin ƙasa lambar kwararar ruwa, CN, daga ƙasa mai shanye ruwa zuwa 98 na kwalta da rufin kwano. A ɗauki gona mai lamba 75. Sai ruwan rana guda ya haura milimita 17 kafin ɗigo ya gangara. Idan milimita 60 suka sauka a dare ɗaya, kusan 14.5 za su kwarara zuwa rafi. Idan aka raba 60 ɗin nan gida huɗu, 15 kowace rana, lissafin farko sifili zai bayar, sai dai ɗan abin da jiƙewar ƙasa za ta ƙara. Ruwan iri ɗaya, kogi biyu daban. An gyara yadda CHIRPS ke rarraba ruwan wata a kan kwanaki ta hanyar kwatanta shi da tashoshi, ba tare da an taɓa jimillar watan ba.

11 ga Maris

An fita awon ƙarancin ruwa a wani reshe da ke sama da tafkin Gurara, yanzu da rani ya kai maƙura. Ruwan bai wuce gwiwa ba. An zaɓi miƙaƙƙen wuri mai tsawon mita 20, aka ja igiya a sama da ƙasa, aka auna zurfi da sanda duk bayan rabin mita. Lemo aka jefa, domin yakan nutse rabi, iska ba ta cika kaɗa shi ba kamar gorar roba. Sau biyar aka jefa a wurare daban-daban na faɗin, aka ɗauki matsakaicin lokaci, aka ninka gudun da 0.85 saboda ruwan sama-sama ya fi na ƙasa sauri. Awon talaka ne, kuskurensa kan kai kashi 20 cikin 100, amma ya fi babu nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi awon amfani shi ne sandar awo da ke jikin gada. Gindinta a binne yake cikin yashi, ruwan kuma ya koma ɗaya gefen, yana gudu taku goma daga sandar. Dattijon da ke noman albasa a wurin ya ce, "Injiniya, ai kogin nan ba ya kwana inda ya yini. Bara waccan a nan yake bi, bayan babban ruwa ya koma can." Aka tambaye shi, "Baba, a rani yakan yanke gaba ɗaya?" Ya ce da can ba ya yankewa, yanzu kuwa idan masu injin ban-ruwa na sama suka tayar da safe, kafin azahar sai ka tsallake da takalminka.

Maganarsa ta shiga lissafi ta hanya biyu. Jadawalin da ke mayar da tsayin ruwa zuwa yawan kwarara ba ya dawwama a kogi mai gindin yashi, kowace babbar ambaliya, irin ta 2012 ko ta 2022, na iya sauya shi. Sannan ƙananan injinan ban-ruwa, waɗanda ba su cikin kowace rajista, suna cin ruwan rani tun kafin ya isa tafki. An buɗe musu gurbi a WEAP.

25 ga Maris

Yau lissafin ruwan da rana da iska ke sha aka yi. An gwada hanyar Hargreaves, wadda zafi kaɗai take nema, da ta Penman-Monteith, wadda ke son hasken rana da laima da iska, aka ciro su daga ERA5, kundin bayanan yanayi na duniya. A damina ba su da wani saɓani. A hunturu suka raba gari, domin hazo na rage hasken rana yayin da busasshiyar iska ke ƙara jan ruwa, Hargreaves kuwa ba ta ganin ko ɗaya. An tsaya a kan Penman-Monteith.

A saman tafki, milimita 5 a rana a kan murabba'in kilomita guda kubik mita 5,000 ne, ruwan mutum fiye da 41,000 idan kowa na shan lita 120. Ba asarar da za a kawar da kai a kanta ba ce.

15 ga Afrilu

Bayan hutun Sallah aka shiga ɓangaren mutane, wanda ya fi na sama wuyar sha'ani.

Ƙidayar 1991 ta ba Babban Birnin Tarayya mutum 371,674, ta 2006 ta ba shi 1,406,239. Ƙaruwar ta haura kashi 9 cikin 100 a shekara. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta. Wanda ya ɗauki kashi 9.3 ya miƙe da shi har 2050 zai tsinci kansa da mutum kusan miliyan 70, abin da ko a mafarki ba zai yiwu ba. Waccan ƙaruwa ta shekarun ƙaura ce, bayan da gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991. Don haka hanya uku muka shimfiɗa, kowace da ƙaruwa mai raguwa sannu a hankali, mai sauri da matsakaiciya da mai nawa. Mafarin lissafin kuma ba daga ƙidaya kaɗai aka ɗauke shi ba, an ƙirga rufin gidaje a hoton tauraron ɗan'adam unguwa-unguwa don a san inda mutanen suke zaune.

Manufar ƙasa ta samar da ruwa ta shekarar 2000 ta ware lita 120 ga mutum guda a birni, 60 a ƙaramin gari, 30 a ƙauye. Da lita 120, kubik mita 720,000 za su ɗauki mutum miliyan 6, idan ba a zubar da ko kofi ba. Amma bututu na yoyo, akwai masu jona ta bayan fage, matatar kanta na cin ruwa wajen wanke matatanta. Idan aka ƙaddara asarar kashi 40 cikin 100, mutum miliyan 3.6 kaɗai ruwan zai kai wa. Wannan kason zato ne namu, shi ya sa aka bar shi a matsayin maɓalli, wato lambar da za a iya juyawa a lissafin, daga 20 zuwa 50. Abin lura dai, toshe yoyo daga 40 zuwa 25 na ƙara ruwan mutum 900,000 ba tare da an ɗebo ƙarin ɗigo daga Gurara ba.

Babbar matsalar ita ce bambanci tsakanin abin da ake buƙata da abin da ake ja daga famfo yau. Unguwanni da dama a gefen birni rijiyar burtsatse da tanka da 'yan ga-ruwa ne ke riƙe da su. An tsaya a bakin wata burtsatse a Dutsen Alhaji daga asuba zuwa hantsi ana ƙirga kura. Kura mai jarka 12 ta lita 20 na ɗauke da lita 240, gidan mutum takwas da ya sayi kura guda a rana kowa ya samu lita 30 ke nan, ma'aunin ƙauye a tsakiyar birnin tarayya. Ranar da bututu ya isa wannan gida, a sa shawa da bayi mai ruwa, buƙatarsa za ta ninka sau uku ko huɗu ba tare da an haifi ko jariri ɗaya ba. Saboda haka a samfurin, wato kwaikwayon tsarin da muke ginawa a manhaja, yawan jama'a maɓalli ne daban, kason waɗanda bututu ya kai musu maɓalli ne daban. Na biyun nan shi aka fi mantawa da shi, alhali yana iya fin na farkon nauyi.

Akwai kuma masu kwana a Mararaba da Masaka da Suleja su yini a Abuja. Ƙidaya ta sa su a Nasarawa da Neja, famfon ofis da na masallaci da na kasuwa kuwa a nan suke buɗe shi. An ƙara musu ɗan kaso na yini.

20 ga Mayu

Saitin SWAT+. Shekara uku na farko an bar su na ɗumama inji, ba a duba sakamakonsu, domin manhajar ba ta san yawan laimar ƙasa a ranar farko ba. Sauran shekarun an raba su biyu, rabi na saiti, rabi na jarrabawa, kowane rabi da shekarar fari da ta ruwa a ciki. Awon da aka ɗauka a ƙasan madatsa bayan an datse ba ya shiga, don wannan hannun mai buɗe ƙofa yake nunawa, ba halin kogi ba.

Ƙa'idar da aka saba ita ce makin NSE, mai auna yadda kogin samfurin ya dace da na gaske, ya haura 0.5 a ma'aunin wata, jimillar ruwan kuma kada ta goce da fiye da kashi 25 cikin 100. Zagayen farko ya tsallake duka biyun, har an fara murna. Da aka zana hoton, sai ga kogin samfurin ya bushe ƙurmus daga Janairu zuwa Afrilu, alhali na gaske yana tsiyaya. NSE manyan lambobi take gani, wanda ya dace da ambaliyar Agusta da Satumba ya ci jarrabawa ko da ya kashe kogin a rani. Mu kuwa rani ne damuwarmu. An sake saitin da ma'auni biyu, ɗaya na ambaliya, ɗaya mai ba ƙaramin ruwa nauyi, aka rage CN2, wato lambar CN ta ƙasa mai matsakaiciyar laima, aka sassauta saurin da ruwan ƙarƙashin ƙasa ke komawa kogi. Makin ya ɗan sauka, kogin ya dawo da rai. Mun gwammace haka.

Ƙasar nan mafi yawanta dutse ne a ƙarƙashi, ruwan ƙasa a ruɓaɓɓen dutsen sama da cikin tsaga yake maƙalewa, rumbun ba shi da zurfi. Duk saitin da ya ba da wani ƙaton rumbu a ƙarƙashin ƙasa an jefar da shi ko makinsa ya yi kyau. Ba a kuma tsaya kan saiti guda ba, an ajiye hamsin mafi kyau, za a gudanar da su duka don a ga faɗin rashin tabbas.

17 ga Yuni

An haɗa zanen WEAP: tafki biyu, bututu, matata, birni kashi shida bisa ƙananan hukumomi, aikin noman rani na Azara da Jere, ƙananan injina, tashar lantarki ta Gurara mai megawat 30, da ruwan da za a bar wa kogi ya bi ta Izom da magangarar Gurara har ya faɗa Neja. Ga na ƙarshen an sa kashi 10 cikin 100 na matsakaicin kwararar shekara a matsayin mafi ƙaranci, kafin a samu awon da ya fi wannan.

Bututun ba shi ne cikas ba a takarda. Faɗin bakinsa murabba'in mita 7 ne da ɗoriya, ruwa mai gudun mita 1.2 a daƙiƙa ya isa ya ciyar da matatar da ke neman kubik mita 8.3 a daƙiƙa. Gona ma da sauƙin lissafi: shinkafar rani mai shan milimita 1,000 na cin kubik mita 10,000 a hekta, idan rabin ruwan na ɓacewa a hanya ya zama 20,000. Hekta dubu ɗaya, miliyan 20.

Lantarki ne ya tayar da mu tsaye. A ɗauki faɗuwar ruwa ta mita 40 a matsayin misali, da inji mai ingancin kashi 90 cikin 100. Megawat 30 na neman kusan kubik mita 85 a daƙiƙa, miliyan 7.3 a rana, ninki goma na abin da matatar Abuja ke sha. A haka, tafki mai miliyan 880 wata huɗu zai yi idan babu mai shigowa. A littafi akan ce lantarki ba ya cinye ruwa, yana mayar da shi kogi. Gaskiya ne ga mutanen Izom. Ga Abuja kuwa, ruwan da ya bi ta injin ya wuce bakin bututu, ya tafi ke nan.

Kurakurai biyu aka kama a makon nan. WEAP na ba kowane mai buƙata matsayi daga 1 zuwa 99, idan ba a taɓa ba kowa na 1 ne, cika tafki kuma na 99. Haka aka bar su a gudu na farko, tafkin ya riƙa zubar da duk abin da ke cikinsa yana kwana a ƙasa kowane Maris. Na biyu, layin ruwan da birni ya yi amfani da shi ya koma, irin wanda ake tacewa a matatar ƙazamin ruwa ta Wupa, an ja shi bisa kuskure zuwa cikin tafkin Usuma. Ruwa ɗaya ya riƙa zagayawa ana shansa sau biyu, sakamako ya yi kyau fiye da kima. Ruwa ba ya tsami banza, sakamakon da ya cika daɗi ma haka. Birnin yana ƙasa da madatsar, abin da ya fita daga cikinsa ba ya hawa tudu.

22 ga Yuli

Sauyin yanayi. An ɗauko samfuran hasashen yanayi biyar daga CMIP6, tarin irin waɗannan samfura na duniya, a ƙarƙashin hanya biyu ta hayaƙin duniya, SSP2-4.5 mai matsakaicin hayaƙi da SSP5-8.5 mai hayaƙi mai yawa. Zamanin kwatance 1985 zuwa 2014, domin a 2014 tarihin samfuran ya tsaya, na gaba kuma 2036 zuwa 2065, wanda 2050 ke tsakiyarsa.

Tarkunan da ke cikin fayilolin sanannu ne amma kullum sai sun kama wani. Ruwan sama a kilogiram kan murabba'in mita a daƙiƙa yake zuwa, sai an ninka da 86,400 ya zama milimita a rana. Zafi a ma'aunin Kelvin yake, a cire 273.15. Kalandar ma ba ɗaya ba ce: samfurin UKESM1 shekararsa kwana 360 ce, kowane wata 30, har da 30 ga Fabrairu, GFDL-ESM4 kuma ba ya san 29 ga Fabrairu. SWAT+ kalandar bango take bi, don haka sai an cike ko an rage kwanaki, a warwatse cikin shekara, ba a jibge su a wata guda ba. Samfuran kuma na da halin yayyafi kusan kullum, an mayar da duk abin da bai kai milimita 1 ba sifili kafin a daidaita su da CHIRPS wata-wata. Daidaitawar na gyara yawa, ba ta gyara lokaci. Samfurin da daminarsa ke makara zai ci gaba da makara.

Gidan waɗannan samfura kilomita 100 ne ko fiye, duk kwarin da ke sama da Gurara a gida ɗaya ko biyu yake faɗawa. Kan zafi bakinsu ɗaya, zai ƙaru. Kan ruwan sama kowa da inda ya sa gaba, kamar yadda aka daɗe da sani game da Afirka ta Yamma. Ɗaukar matsakaicinsu yaudarar kai ce, mai cewa ƙari da mai cewa ragi su kashe juna a ce babu sauyi. Kogi kuma ba ya bin ruwan sama ɗaya bisa ɗaya. A misali, ruwa milimita 1,400, ƙasa da itatuwa su sha 1,050, kogi ya samu 350. Idan ruwan ya ragu da 140, su ba za su rage shansu da fiye da 60 ba, kogi ya koma 270. Ragin kashi 10 a sama ya zama 23 a kogi.

Don haka an ƙara wata hanya. Maimakon tambayar me zai faru, sai a tambayi me zai karya tsarin. An juya ruwan sama daga ragin kashi 20 zuwa ƙarin kashi 20, taki biyar-biyar, zafi daga sifili zuwa ƙarin digiri 3, taki ɗaya-ɗaya. Haɗi 36 ke nan. A ninka da hanyar ƙaruwar jama'a uku da dokar sakin ruwa daga madatsa iri uku, gudu 324. An kuma ɗauko 1983 da 1984 aka jera su sau biyu a jere, fari na shekara huɗu.

26 ga Agusta

Sauyin amfani da ƙasa. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat na Nuwamba aka zaɓa, bayan gajimare ya yaye, kafin a fara ƙona daji, don ƙonanniyar ƙasa kan yi kama da ruwa a hoto. Duwatsun Abuja ma sun ba da wahala, manhajar ta ɗauki falalen dutse a matsayin rufin gidaje, har ta gina unguwa a kan Zuma. Da hannu aka cire su.

Gine-gine sun ci ƙasa sosai a Mpape da Ushafa da kewayen Bwari. Milimita 60 ɗin nan da gona ke sakin 14.5 daga ciki, a kan kwalta da kwano 54 ne ke gangarawa. A ido kamar riba ce ga tafki, sai dai ƙarin na zuwa ne a watannin da tafkin ba ya neman sa, yana tafe da laka da shara, abin da ya kamata ya nutse ya ciyar da burtsatse kuma ya ragu. Burtsatsen da ta ƙafe a Maris, mai ita famfo zai nema. An ɗaura wannan zaren a WEAP, amma a sake yake, don awon zurfin ruwan rijiyoyi da ke hannu bai taka kara ya karya ba.

23 ga Satumba

Gudu 324 sun kammala, da saiti hamsin kowanne. Da aka jera su bisa yawan watannin da birni ya gaza samun ruwansa, dokar sakin ruwa a Gurara ce ta fi raba su, sai yawan jama'a da kason da bututu ya kai wa, sai yoyo, ruwan sama na biye. Inda aka ba birni matsayi na 1, aka kuma ja layi a tafkin cewa injin lantarki zai rage gudu idan ruwa ya sauka ƙasa da shi, ɗanyen ruwa ya jure har cikin farin shekara huɗu, cikas ɗin ya koma kan ƙarfin matata da bututun rabawa. Inda aka bar lantarki da birni a matsayi guda, ko an ƙara ruwan sama tafkin na faɗuwa kafin damina ta kankama. Tsayin da za a ja wannan layi, da megawat nawa za a rasa a kowane tsayi, shi ne jadawalin da ake haɗawa yanzu, taki mita ɗaya-ɗaya.

Rami guda ya rage wanda zai iya sauya lambobin. Jadawalin yawan ruwan Usuma na lokacin gini ne. A duniya tafkuna kan rasa tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi 1 cikin 100 na cikinsu duk shekara saboda laka. Ko da rabin kashi aka ɗauka, shekara kusan 40 na nufin miliyan 20 sun zama taɓo. Kafin a samu awo, an sa ragin kashi 10 da 20 da 30 a matsayin gwaji. Awon kansa sai tafkin na cike, wato Oktoba zuwa farkon Nuwamba: kwalekwale, na'urar auna zurfi da amsa-kuwwa, GPS, layuka tsakaninsu mita 100, a kuma karanta sandar tsayin ruwa safe da yamma a kowace ranar aiki. An aika takardar neman izinin shiga tafkin, an kuma gwada na'urar a tafkin Jabi da farantin ƙarfe da aka saukar a igiya mita 2 da mita 4. A mita 4 ta ƙara santimita 15, za a gyara saurin sautin da aka sa mata kafin ranar fita.